Waƙar Daɓe a Bakin Wata

Lasifika ta ɓarke a bakin madatsar ruwan Goronyo, har balbelun da ke kiwo a gefen ruwa suka watse. Muryar Sa'adiya ce ke fita daga cikin baƙin akwatin, amma bakin da ke motsi na wata ne.

Raihana, tauraruwar fim ɗin, tana juyi a kan duwatsu cikin doguwar riga mai ƙyalli, tana miƙa hannu ga wani saurayi da aka shafa wa hoda har wuya. Fara ce sol, irin farin da rana ba ta so. Da an ce a tsaya sai wata mata ta rugo da laima ta rufe ta, kamar gishiri ya ga hadari.

Sa'adiya tana zaune a gindin bagaruwa, madaɓinta a cinya. Tun hantsi ta ɗaura zanenta na fita, shi kaɗai ya tsira daga wuta, ta sa kwalli. Ba ta ci komai ba, don kada a kira ta baki cike.

"Mujaheed, yaushe za a kai gare ni?"

Mujaheed shi ne mai fim ɗin. Ɗan Wurno ne, amma ya yi 'yan shekaru a Kano, ya dawo da hular sanyi da Hausar da ko uwarsa sai ta saurara da kyau.

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Ke ce ƙarshe. Babba ai shi ke rufe taro."

Sai da la'asar ta yi sanyi aka kira ta. Ta durƙusa a kan ƙasa kamar yadda ake durƙusawa a daɓe, ta ɗaga madaɓi ta sauke, ta ɗaga ta sauke, ta dubi idon kyamara kamar mai leƙa rijiya. Ba ta jira lasifika ba.

*Ƙasa ta sha makuba ta kwanta,*
*Ni ban kwanta ba.*
*Mubaraka ɗiyar Haliru,*
*In kin ji madaɓi, ni ta.*
*Goronyo nike, bakin ruwa,*
*Taho, ɗaki ya bushe.*

Mai riƙe da kyamara ya manta bai ce a tsaya ba. Masu kallo da suka wuni suna ihun sunan Raihana suka juya mata baya, wani tsoho mai jaki ya share ido da hannun riga. Raihana tana tsaye a ƙarƙashin laimarta, ta ga keyar kowa. Ba ta tafa ba.

* * *

A Tungar Maccido, ƙauyen su Sa'adiya, kowace zabiyar daɓe tana da waƙarta. Idan an gina sabon ɗaki mata za su taru, a zuba tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, a jeru da madaɓai ana dukan ƙasa har ta yi santsi. Zabiya na bayarwa, saura na amshi. Amshi na kowa ne. Amma bayar da waƙar wata, wannan ba a yi sai mai ita ta mutu. Ranar sadakar bakwai ake zaɓar wadda za ta ɗauka, ta rera a gaban mata, kowa ya yi kuka ya share. Don haka a garin, idan matafiyi ya dawo ya ji waƙar wance a bakin wata, ba ya tambaya. Gidan gaisuwa yake wucewa.

Yanzu ba Tungar Maccido. 'Yan bindiga sun shigo ana tsakiyar girbin gero, suka kashe na kashewa, suka cinna wa gari wuta, suka kora shanu da mata. Haliru, mijin Sa'adiya, a bakin rumbunsa ya faɗi. Ita kuwa gindin bindiga aka sauke mata a ka. Abin da ta gani na ƙarshe kafin duhu ya rufe ta shi ne 'yarta Mubaraka a bayan babur, ta waiwayo, baki buɗe. Abin da Mubaraka ta gani na ƙarshe kuwa uwarta ce kwance cikin jini, ba motsi.

Wannan shi ke hana Sa'adiya barci. Yarinyar ba ta san tana da rai ba.

Waɗanda suka tsira suka tare a wasu shagunan kasuwa da ba a gama ginawa ba a bayan Goronyo. Mata na zuwa fadama dashen albasa a biya su da yamma. A nan Sa'adiya ta ji daga bakin waɗanda suka kuɓuto cewa a daji ba abin da ke tashi dare da rana sai waƙoƙin fim. Kowane ɗan bindiga da wayarsa, da ɗan faifan rana na caji. Ba su jin wa'azi, ba su jin roƙo, amma sabuwar waƙa ba ta kwana uku ba ta isa gare su ba.

Shi ya sa ranar da Mujaheed ya tsaya da babur a bakin fadama, ya ji ta tana bayarwa mata na amshi, ya ce zai sa ta a fim, ba ta yi fargabar abin da mutane za su ce ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa.

"A nuna huskata. A bar baitin Goronyo. In ba haka ba, ka bar mini abina."

Ta gaya masa al'adar garinsu, ta gaya masa dalili. Ya saurara yana danna waya.

"Wallahi labari ne mai taɓa zuciya, Inna. Kin ga wannan ma fim ne guda. An gama."

* * *

Waƙar ta fita ana cire albasa. Sa'adiya ta fara jin kiɗan ne a rumfar mai cajin waya a kasuwar Goronyo, samari sun yi cincirindo. Ta ajiye kwandonta, ta kutsa.

"Ɗana, ara mini in gani."

Ta riƙe wayar da hannu biyu. Ga duwatsun, ga ruwan, ga Raihana tana juyi. Waƙarta ce, ba ko shakka, kowace gaɓa tata ce. Amma muryar an matse ta, an sirance ta, ta koma kamar ta yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, tana rawa a maƙogwaro kamar ƙarfe. Ta jira. Raihana ta miƙa hannu, saurayi ya kama. *Ƙasa ta sha makuba ta kwanta, masoyi, ni ban kwanta ba.* Ta jira. Kiɗa ya tsinke, rubutu ya hau.

"Ina sauran?"

"Ta ƙare ke nan, Inna."

"Mi anka rubuta nan?"

"Waƙa da rawa, Raihana Rabah." Saurayin ya karɓe wayarsa. "Yarinyar ga akwai murya, wallahi. Allah ya ba ta."

Washegari ba ta je fadama ba. Ta hau motar Wurno a baya, tsakanin buhunan albasa. Ɗakin ɗaukar waƙar Mujaheed shago ne da aka manna wa katifu a bango, yana warin zufa da turare. Ta same shi yana cin tsire a takarda.

"Kac ce a nuna ni."

"Inna, zauna mana."

"Ban zo zama ba. Ina huskata? Ina muryata? Wagga ta cikin waya ba tawa ba ta."

"Taki ce, gyara ta aka yi. Muryarki ta yi kauri, ta yi ƙauye. Kwamfuta ce ta wanke ta." Ya lashe yatsa. "Bari in gaya miki gaskiya, don ni ba na munafunci. Kasuwa ba ta sayen baƙar fuska. Ba ni na ce ba, masu kallo ne. Ki duba duk finafinan nan, ki nuna mini baƙa guda da ke gaba. Uwar miji, to. Mai aiki, to. Boka, to. Amma waƙar soyayya?"

"Ba waƙar soyayya ba ta. Ɗiyata nike kira."

"Na sani. Ni da kaina na so in bar wurin da kika fito a cikin fim ɗin, don ya yi kyau, har mai haɗa hoto sai da ya yi hawaye. Raihana ce ta ce in aka bar shi ba ta ƙara yi mini fim. Kuma ita ce ke kawo masu kallo. Ke wa ya san ki?"

"A maido shi yanzu."

"An goge. A gabanta aka goge." Ya nannaɗe takardar tsiren. "Kuma wannan maganar taku ta waƙar mamaci, Inna, camfi ne. Wa zai ga fim ya ce wani ya mutu?"

* * *

A Rabah ta sami Raihana, a gidan yayarta, cikin ɗaki mai duhu an saki labule tsakar rana. Ba riga mai ƙyalli, ba hoda. Tana zaune a bakin gado da kwalabe a gabanta, tana haɗa man bilicin a roba. A kan talabijin an jingine wani gilashi mai rubutun zinari, kambun da aka ba ta a Sakkwato satin da ya wuce: gwarzuwar mawaƙiyar fim.

Sai a nan Sa'adiya ta gan ta da kyau. Gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, kamar an ɗiga musu tawada. Kumatunta sun yi ja kamar ƙuna, jijiyoyi kore sun fito a wuya. A bayan kunne, inda mai bai kai ba, fatar iri ɗaya ce da ta Sa'adiya.

"Sannu, ɗiyata."

"Lafiya?" Da Hausar fim ta yi magana, ta Kano.

"Ban zo don wancan gilashi ba. Riƙe abinki. Abu guda nike roƙo. Ki ɗauki wayarki, ki zamna kusa gare ni, ki ce ga mai waƙa, tana da rai, Goronyo take. Ke ana jin ki. Kwana biyu ya isa daji."

"In ce ba ni na yi ba?"

"Ki ce tawa ta."

Raihana ta ajiye robar. Da ta sake buɗe baki, Kano ta gudu, Rabah ta dawo.

"Ke kin san abin da niy yi kahin in kai nan? Ni ma ina waƙa. Da muryata niz zo, wallahi ta hi ta wasu. Sunka ce murya ta yi, huska ba ta yi ba. Shekara nawa ina tsaye bayan wasu ina amshi, ana ce mini ke baƙa matsa baya, kina ɓata hoto. Sai da nis sai man ga." Ta miƙa hannuwanta. "Duba. Ko rana ban iya shiga. In na bari kwana ukku sai in yi dabbare-dabbare kamar kura. Likita ya ce ƙodata ta hwara taɓuwa. Sannan da huska ta yi, sai sunka ce murya ba ta dace da huskar ba, a nemo wata."

"Allah shi ba ki lahiya. Ni ban ɗauke miki komi ba."

"Kin ɗauke! Rannan bakin ruwa, wa ad dube ni da kinka buɗe baki? Ke da tsumman zanenki. In nac ce ba muryata ba ta, gobe sun amshe wancan, su yi ta dariyata cikin waya. Akwai wata yarinya nan Wurno, Rukayya, ba ta kai ashirin ba, hwara tun daga ciki, Mujaheed na ta kai ta ɗaukar hoto. Jira sukai in yi tuntuɓe."

"Ɗiyata na hannun mutanen daji."

Raihana ta dubi labule. Sa'adiya ta ga kamar ta kusa yarda. Sai waya ta yi ƙara a kan gado, sunan wani ya haska, Raihana ta dube shi, fuskar ta rufe kamar ƙofa.

"Allah shi hid da ta. Amma waƙa ba ta hid da kowa daji, Inna. Ki tahi wurin hukuma."

Ta jawo jaka za ta ciro wani abu. Sa'adiya ba ta tsaya ganin ko mene ne ba.

Ta gwada abin da ta iya. Mai cajin waya ya ɗauke ta tana rera baitin a bakin rumfarsa, ya sa a waya. Mutum nawa suka gani? 'Yan kaɗan, su ma dariya suka yi, suka ce ga wata tsohuwa tana kwaikwayon Raihana, ko muryar ba ta iya ba. Ta Raihana kuwa ta shiga ko'ina. Gidan biki ita, tashar mota ita, 'yan mata masu tallar awara ita. Har a shagunan da 'yan Tungar Maccido ke zaune, yara na rera ta. Tsofaffi suna kwaɓarsu da fari, su ce mai ita na nan zaune, ba ku da kunya? Daga baya suka gaji.

* * *

Ruwan farko ya sauka, ƙasar shagunan ta zama laka. Mata suka ce a yi daɓe ko na ɗaki ɗaya ne, yara su sami inda za su kwanta. An zuba tsakuwa, an jiƙa makuba, ana jiran Sa'adiya ta fito, sai hayaniya ta tashi a bakin hanya.

Gambo ce, maƙwabciyarsu a ƙauye, wadda aka kora tare da Mubaraka. Ta rame har ba a gane ta sai da murya, ƙafafu a kumbure, a naɗe da tsumma. Aka zaunar da ita, aka ba ta ruwa. Tana sha tana duban fuskoki. Da idonta ya faɗa kan Sa'adiya sai kwanon ya suɓuce.

"Innalillahi! Sa'adiya? Ke ta?"

"Ni ta, Gambo. Ina Mubaraka?"

Gambo ta kai hannu ta taɓa mata ƙafa, ta matsa, kamar mai duba nunar gwanda.

"Ke da munka yi ma makoki."

Gambo ta dubi matan da suka kewaye ta.

"Yarinyar ga kullum cewa takai Inna na da rai. Ko an buge ta, ko an hana ta abinci, sai ta ce Inna na da taurin kai, ba ta mutuwa haka nan. Ita ka ba mu ƙarhi. Rannan muna daka, wani cikinsu ya kunna waya. Tana jin ƙasa ta sha makuba taj je da gudu, ba ta ko ji tsoron bindiga ba, tah hizge wayar. Sai ga wata hwara tana bayarwa. Ta kalla har ƙarshe, ta ce a maido, ta sake kallo. Ta ce Gwaggo Gambo, ko cikin masu amshi babu ta. Nac ce ƙila ara anka yi. Tac ce Inna ba ta ba da aron waƙa tana numhwashi."

"Tana ina?" Muryar Sa'adiya ta fita siririya, kamar wadda kwamfuta ta wanke.

"Da jirgin soja ya zo mutanen dajin sunka watse, munka samu hanya, mu huɗu. Na kama hannunta, wallahi na ja ta. Ta ce wanda za shi gudu sai shina da wurin zuwa. Baba ya tahi, Inna ta tahi, gari ya ƙone, in an harbe ta kan hanya don wa? Ta zamna gindin turmi. Ban iya ɗaukar ta ba, Sa'adiya. Kin ga ƙahwahuna. Kuma na ji sun ce za su tashi su ƙara nutsawa gabas."

Gambo ta kwance bakin zanenta. Ta ciro ɗan ƙulli, an ɗaure shi da yagaggen ƙyalle mai ɗigon shuɗi. Sa'adiya ta san ƙyallen. Ita ta sayo atamfar a kasuwar Wurno, sallar da ta wuce kafin wuta.

"Gero na. Cikin abincinta ta riƙa ragewa. Ta ce in na iske mutanenmu, a yi gumba a ba yara, sadakar Inna. Ta ce a gaya ma wadda tag gaji waƙar ta riƙe ta da kyau."

Ta rasa wanda za ta miƙa wa. A ƙarshe ta ɗora shi a tafin Sa'adiya.

Makuba ta fara bushewa a kan tsakuwa. Ba a barin daɓe rabi, ƙasa tsagewa take. Ɗaya bayan ɗaya matan suka koma ɗakin, suka durƙusa, suka ɗauki madaɓai. Suka bar gurbi a gaba, inda zabiya ke zama. Suka jira. Da jiran ya yi tsawo wata ta sauke madaɓinta, wata ta bi, aka shiga dukan ƙasa ba waƙa, tim, tim, tim.

Sa'adiya tana zaune a bakin ƙofa, ƙullin a cinyarta. Bai cika tafi biyu ba. A can bakin titi mai shayi ya kunna rediyo, siririyar muryar nan ta taso tana cewa ita ba ta kwanta ba, wasu 'yan mata da ke wucewa da tulunan ruwa suka ɗauki amshi.